Yadda Aka Yi Na Zama Ruwan Sanyi

Yanzu na iso kan shekarar da nake ta kewaye mata tun da na fara wannan rubutu, shekarar da aka sayar da bijimai. Na san abin da kuke faɗa in ba na wurin. Cewa kuke ubanku ya zuba wa mota ruwan sanyi tana tafasa, kamar wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, ya fasa mata kai, sannan taurin kai ya sa ya sayar da shanun noma ya gyara tsohuwar motar da ba ta cancanci gyara ba. Ke Rabi har kwaikwayona kike yi wa ƙannenki, an gaya mini. Kai kuwa Laminu, a lokacin ko wando ba ka iya ɗaurawa ba, amma ka fi kowa zaƙewa in ana zancen. Daga wannan shekara ƴan tasha suka laƙaba mini Ruwan Sanyi, har jikokina sun ji ana kirana da shi a kasuwar Magariya. To ku gyara zama. Rabin labarin gaskiya ne, rabi ƙarya, kuma ni na ƙaga ƙaryar da bakina.

Motar kun san ta, farar kat-kat mai ja da ƙafa huɗu, mai buɗaɗɗen baya. Shekara goma sha tara na tuƙa ta a wani furoje, wato aikin wata ƙungiya na haƙa rijiyoyi, da aikin ya tashi aka yi gwanjon motoci na saye ta da ɗan abin sallamata. Da ita na ciyar da ku. Ranar kasuwa in loda ƴan tireda da buhunansu in nufi Dungas, ko Dogo-Dogo, ko ƙauyukan Kwaya, in bi yashin da ƙananan motoci ba sa ko gwadawa. Na san kukanta kamar yadda uwa ta san tarin ɗanta. Kuma duk tasha an san ni da faɗa a kan abu ɗaya: in inji ya tafasa, a ɗaga kapo, wato murfin gaban mota, a ba shi iska, a nemi inuwa a zauna, kada ruwa ya kusance shi sai ya huce. Ƙarfe mai zafi in ya ji sanyi farat ɗaya tsagewa yake, kamar tukunyar ƙasa da aka sauke daga murhu aka kwara mata ruwan randa. Na zagi direbobi da yawa a kan wannan, wasu ma sun girme ni.

Tsakiyar bazara ne aka aiko cewa kakarku ta wajen uwa ta zame a bakin rijiya ta karya ƙafa. Na ɗauki innarku muka nufi garinsu, can gaba da Dogo-Dogo, inda hanya ke ƙarewa ta bar ka da yashi. Saura kaɗan mu isa tiyon ruwa ya tsage, allurar zafi ta haye ja. Da na tsaya a nan da ba a yi haka ba, wannan laifina ne kuma na amsa shi, amma ina hango rumbunan garin, innarku kuma tana ta matsar hawaye, sai na lallaɓa muka ƙarasa. A ƙofar gidan na kashe ta. Na ɗaga kapo, na sa tsumma na sassauta murfin radiyata, tururi ya yi sama yana huci. Innarku ta shige ciki. Ni kuma na cire takalma tun daga nesa, na je na durƙusa a gefen tabarmar da kakanku yake zaune da dattawa huɗu a ƙarƙashin dogon yaro.

Ku ƴan yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon waya tare, da wuya ku gane abin da zan faɗa. Fiye da shekara ashirin ina auren ƴarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ban taɓa cin abinci ko shan ruwa a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, yanzu ma da yake kwance a kabari alƙalamina ba zai rubuta shi ba. In ya ce rana daga yamma take fitowa, amsata ita ce haka ne, Baba. Ba tsoro ba ne. Mutumin nan ya ba ni ƴarsa ina da riga biyu a duniya. Sannan mutum ne da ba ya kwana da haƙƙin wani. Na ga shekarar da ragonsa ya shiga gonar maƙwabci ya ci wake, ya ja ragon da hannunsa ya ɗaure a turken mutumin, aka yi roƙon duniya ya ƙi karɓa. Dukiyarsa kaf garka ɗaya ce, wato lambu, a fadama, da rijiyarta da rake da rogo, ita yake ci, ita ce kuma mutuncinsa a garin.

Muna cikin gaisuwa ya ɗaga kai ya dubi motar.

"Malam Haruna, dokin nan naka ya sha wuya," in ji shi. "Ƙishirwa ce. Dabba da ƙarfe duk ɗaya ne, in sun yi tafiya sai a shayar da su."

Wata mata ta sauke bokiti a bakin zaure, yanzu ta ɗebo shi. Rijiyar garin nan zurfi gare ta, ruwanta ko a bazara haƙori ba ya jure masa. Kafin in ankara tsoho ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki bokitin da kansa, don girmama baƙo, ya nufi motar. Kalma uku ce kawai a bakina: Baba, a dakata. Wallahi har kan harshena ta zo. Amma faɗarta a gaban dattawa huɗu daidai yake da in ce masa bai san abin da yake yi ba, a ƙofar gidansa, yana yi mini alheri. Sai na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Na ji ya tuttula rabi a bakin radiyata, ya watsa sauran a kan injin. Cikin ƙarar tururin nan na ji wata ƴar ƙara, ƙas, wadda ba wanda ya ji sai ni.

Ya dawo yana share hannu, fuskarsa fal murna.

"Ka ji ta yi shiru? Ta huce."

"Na gode, Baba," na ce. "Allah ya saka da alheri."

Bayan azahar na ɗaure tiyon da roba, na cika ruwa, na murza makulli ina karanta duk addu'ar da na sani. Ta tashi. Dattawa suka yi ta sa wa tsoho albarka, wani har yana cewa da kakanku ya yi lakwal, wato boko, da injiniya ne. An shirya innarku za ta zauna jinya. Da na durƙusa yin sallama sai ya ce:

"Mai ɗori ya ce kwana arba'in. Ranar da suka cika ka zo ka ɗauki iyalinka. Da ita za ka zo fa, in ga yadda maganina ya karɓe ta."

Tun kafin Dungas farin hayaƙi ya fara bina a baya. Na tsaya na zaro sandar awon mai, na ga man ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, wato ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Haka na yi ta tafiya ina tsayawa ina ƙara ruwa, har ta mutu mini ana hango gidajen Magariya. Kai Babangida, ka tuna, kai na aika wa, ka zo da bijiman nan biyu, Ja da Gwarzo, suka ja ta har ƙofar gida yara suna binmu da ihu. Ka tambaye ni me ya same ta, na ce ka kama igiya ka bar surutu.

Bayan kwana biyu na kira Ɗanladi makanike. Hannunsa ba na biyu a garin nan, bakinsa kuma ba ƙofa, abin da ya gani da safe kafin azahar mai shayi ya sani. Ya zaro sandar mai, ya shinshina, ya dube ni.

"Kilas ta tsage," ya ce, yana nufin murfin kan injin. "Wannan kuwa ba zafi kaɗai ba ne. Ruwan sanyi aka zuba mata tana tafasa. Af! Ashe shi ya sa. Jiya mutanen Dogo-Dogo suke ba da labari a tasha, wai surukinka ya yi wa motarka magani da bokiti."

Ashe tsoho yana can yana ba kowa labari, labarin kuma har ya riga ni shiga tasha. In Ɗanladi ya haɗa wannan da wancan ya kai wurin mai shayi, kasuwa ɗaya ta isa maganar ta koma kunnen mai ita. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne ya yi gaba.

"Kai, rufa mini asiri," na ce. "Lokacin da ya zuba ai ta daɗe da hucewa, nasa bai yi komai ba. A hanyar dawowa ta sake tafasa, na ruɗe, na ɗauki bidon ruwan da nake naɗewa da jiƙaƙƙen buhu na juye mata."

"Kai? Kai Haruna? Kai da ka hana mu sakat da wa'azi?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ya rufa mini asiri ne don na san ba zai rufa ba. Washegari da na bi ta tasha wani ya ɗaga murya ya ce, a ba Ruwan Sanyi hanya. Wanda na taɓa zagi a kan wannan kuskure shi ya fara tafa hannu. Na haɗiye, na wuce, amma ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Da ya gama dariyarsa Ɗanladi ya gaya mini gaskiyar aiki. Za a iya samo kilas ta hannu a Kano. Amma ba ya da tabbacin abin da ke ƙarƙashinta sai ya buɗe, kuma ba ya so ya buɗe ya bar inji a wangale cikin iska da yashi sai sabuwar tana hannu. In gangar injin ma ta lanƙwashe, to an zuba dukiya a rijiya. Ko an dace kuma, motar da ta tafasa irin wannan ba zai rantse ta ƙara shekara biyu ba. Ya ce in shi ne, sayarwa zai yi. Akwai masu sayen gawar mota daga tsallaken iyaka, suna farfasawa su sayar da kayan, abin da za su bayar zai sayi babur biyu.

Baffanku Idi, yayana, ya zo har gida a kan maganar. Ya zauna a zaure ya kira tsohuwarmu ta zama shaida.

"Haruna, sayar da ita. Ta yi maka iyakar yinta. Babur biyu, ka ba matasa su yi kabu-kabu, kana zaune ana kawo maka. Kada garin neman gira ka rasa ido."

"Yaya, ina dai dubawa."

"Me za ka duba? Motar da ta girmi ɗanka? Kai dai kunyar ƴan tasha ce ke cinka, kana so ka nuna musu ka tashe ta. To girman kai ba ya tuƙa mota."

Tsohuwarmu ta ce, "Ka ji maganar yayanka, ɗan nan. Tun kana yaro in ka kafe sai Allah."

Gaskiya suka faɗa, duk wanda ya san mota abin da zai ce ke nan, ni ma da wani ne ya zo mini da shawarar haka zan ce masa. Amma ni lissafin da nake yi daban ne, kuma ba wanda zan iya buɗe wa. In na sayar, ranar arba'in da me zan je? In na je a kan babur ko motar haya, tambayar farko ita ce ina dokin. Tsoho ba wawa ba ne. Mota ta bar ƙofarsa ta mutu a ranar, zai yi ta juya abin a ransa. Ga kawunku Habu, autansa, yana kabu-kabu a Dungas, ya san inji daidai gwargwado, wata rana zai ce Baba ai ba a yin haka. Ranar da ya gane kuwa na san abin da zai biyo baya kamar a tafin hannuna. Garkar nan zai sayar, ya ƙulle kuɗin a tsumma ya aiko mini, ni kuma ba ni da bakin mayar wa surukina da abin da ya aiko. Mutumin da ya ba da rago saboda wake, me zai bayar saboda mota? Zai rasa garka, ya rasa fuskar zama a ƙarƙashin dogon yaro, innarku kuma ta rayu tana ganin ubanta ya talauce a dalilin mijinta. Ƙaryata za ta tsaya ne kawai in motar ta koma ƙofarsa da ƙafarta.

In kuma na ce a gyara, ba abin da zan ɗaga ya kai sai bijimai. Damina tana bakin ƙofa, da su muke huɗa. Bayan haka akwai alkawari a kansu. Babangida ya gama kolej, ya samu wuri a lakwal ɗin koyon aikin jinya a Damagaram, irin wadda sai an biya, kuma na riga na ce masa da an gama huɗa za a sayar da Gwarzo a kai shi. Gaba kura, baya siyaki. Kwana goma sha ɗaya na yi ina zagaya motar nan kamar mai ɗawafi. In ɗaga kapo in rufe. In je turke in tsaya ina kallon shanu suna tuƙa. Da asuba in ce na sayar na huta, kafin hantsi in ga fuskar tsoho yana share hannu yana murna, sai in fasa. Na rame har maƙwabta suka fara tambaya ko zazzaɓi ne. Kwanakin kuma suna ta tafiya, kullum in na idar da salla sai na ƙirga saura nawa.

Rana ta goma sha biyu bayan la'asar na samu Babangida a turke yana ba su harawa. Na ce gobe kasuwa, ya wanke su, duka biyun za a kai.

"Duka, Baba? Ai ka ce Gwarzo na lakwal ne."

"Na ce. Yanzu na fasa."

"Ɗanladi fa ya ce ko an gyara ba lalle ta yi rai ba. Baffa ma ya ce..."

"Ɗanladi ne ubanka ko ni? Da kuɗinka aka saye su? Ka wanke su na ce!"

Na yi tsawar ne don ba ni da hujjar da zan ba shi. Ya ɗauki bokiti ya wanke su tas, har ƙahonni ya goge, da safe shi ya ja su zuwa kasuwa ina biye. Da dillali ya kama igiyar Gwarzo sai ya juya ya tafi gida bai jira ni ba.

Ɗanladi ya tafi Kano ya ce kwana uku, ya yi tara. Kullum ina bakin tasha ina leƙen motocin da suka shigo, ana ta yi mini ba'a, wani ya miƙo mini ruwa a moɗa ya ce ko zan zuba wa wata. Cikin kwanakin nan ruwan shuka ya sauka. Maƙwabta suka fita da shanunsu, ku kuka fita da hauya, Rabi har tafin hannunta ya fashe. Da ya dawo da kilas ɗin a cikin buhu, ya kwance tsohuwar, ya nuna mini tsagar, siririya kamar gashi. Sannan ya goge fuskar gangar injin, ya ɗora wani miƙaƙƙen ƙarfe a kai, ya durƙusa yana leƙen ko haske zai ratsa ta ƙarƙashi. Ya juya ƙarfen ya sake leƙawa. Ya sake juyawa. Ni dai ina tsaye na kama ƙofar motar. In ya ce ta lanƙwashe, ba shanu, ba mota, ba lakwal, ga tsoho yana jira.

"Da sauran shan ruwanta," ya ce. "Amma ba na sanyi ba, Malam Haruna."

Ban ma ji haushin ba'ar ba. Saura kwana huɗu arba'in ta cika ta tashi, hayaƙinta ya fita tsabta.

Ranar da zan koma na fita da sassafe ni kaɗai. Rabin hankalina yana kan hanya, rabi yana kan allura. In ta ɗan motsa sai in sassauta gudu. Sau uku ina tsayawa a inuwa ba don ta nema ba. Yashin ƙarshe ya jiƙe da ruwan sama ya yi nauyi, ta yi ta nishi, allura ta haura tsakiya amma ba ta kai ja ba. Da na hango dogon yaron nan da mutane a ƙarƙashinsa, na ce alhamdu lillahi a fili. Na tsaya, na kashe ta, sai hannuna ya yi abin da ya saba shekara da shekaru ba tare da ya tambaye ni ba, ya ɗaga kapo don ta sha iska. Na cire takalma na durƙusa. Ban gama gaisuwa ba na ji muryar kakanku.

"Madalla! Ga ta nan garau, ban gaya muku ba? Kai, a miƙo bokitin nan, na ga ta sake jin ƙishi."

Inna lillahi. Injin nan in ka ɗora masa ƙwai zai soyu. Tsoho ya miƙe, ya karɓi bokitin, ya fara takawa. Shanuna, da lakwal ɗin ɗana, da sunana, duk suna cikin bokitin nan, kuma in ta fashe a karo na biyu a gabansa ba ƙaryar da za ta rufe. Kalma ukun nan ta sake zuwa kan harshena, ta ƙi fita. Ban san lokacin da na tashi ba. Na sha gabansa, na zube a ƙasa, na miƙa hannu biyu na kama bokitin.

"Baba, ni ne mai ƙishin."

Na kafa kai na sha. Ni da ko goro ban taɓa ɓarawa a gabansa ba, na sha kamar jaki a bakin rijiya, ruwa yana zuba ta gemuna yana jiƙa riga. Na sha har cikina ya ɗaure, haƙorana suna zafi, da na ga na kasa sai na ɗaga sauran na juye a kaina. Sai wani dattijo ya ce a hankali, yadda kowa zai ji:

"Kai, direbobi dai ba kunya."

Kunya kuwa na ji ta, har na so ƙasa ta tsage. Tsoho ya tsaya yana kallona, sannan ya fashe da dariya.

"Ashe mahayin ya fi dokin ƙishirwa. To a ƙaro wani."

Nan na san tawa ta ƙare, don ba cikin da zai ɗauki bokiti na biyu. Sai na ji muryar innarku daga bakin zaure.

"Baba, na gida ya ƙare. Kawo in ɗebo maka a rijiya."

Randunan gidan nan a cike suke, daga baya na gani da idona. Ta fito ta karɓi bokitin ba ta dube ni ba, ta nufi rijiya. Matar da ke da ƙanne da ƴaƴan ƙanne cike da gida, ita ta tafi da kanta. Ban taɓa ganin ɗiban ruwa mai tsawo irin wannan ba. Ta gaisa da duk macen da ta gamu da ita, ta tsaya duba jaririn wata, ta ce guga ya faɗa sai da aka nemo ƙugiya. Har aka kira azahar muka yi salla ba ta dawo ba. Da ta iso na faki ido na taɓa injin da bayan hannu, na ji ya yi sanyi. Tsoho ya tuttula ruwansa, ya watsa saura, ya juyo yana kallon dattawa.

"Kun gani? Haka ake yi mata."

"Haka ne, Baba," na ce.

A hanyar dawowa ni da innarku muka wuce Dogo-Dogo. Labarin shanu da na sunan da aka sa mini duk sun riske ta ta bakin ƴan kasuwa. Can ta ce, tana kallon gaba:

"Malam, bokitin farko ne ya kashe ta, ko?"

Na ƙura wa hanya ido.

"Ina bayan zana a ranar, na ga fuskarka. Ba sai ka amsa ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kada yara su ji muddin yana raye. Ko sun ga baƙinka, ka haƙura. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Motar ta yi damina biyu ta ƙara ƴan watanni, sannan ta kwanta kwanciyar da ba ta tashi ba, na sayar wa masu farfasawa a kan abin da bai kai rabin tayin farko ba. Yaya Idi bai fasa tuna mini ba har ya koma ga Allah. Kakanku ya yi shekara shida bayan haka, kullum da safe yana garkarsa, kuma duk baƙon da ya zauna a tabarmarsa sai ya ji yadda ya yi wa motar surukinsa magani har sau biyu. Ya rasu bai sani ba. Bayan rasuwarsa na so in faɗa muku, sai na ga abin ya yi nisa, kunya ta sake kama ni, wannan karon taku.

Babangida, wurinka a Damagaram bai jira ka ba. Shekara ta zagayo ba shanu ba amfanin kirki, ka ɗauki jaka ka tafi ci-rani, aikin jinya kuma sai dai ka ga wasu suna yi. Ba mota ce ta cinye maka shi ba. Ni na ɗauki abinka ban tambaye ka ba, na rufa wa kakanka asiri da shi. In da za a mayar da ni gaban tabarmar nan, wallahi ban sani ba ko bakina zai iya cewa Baba a dakata. Amma kai da na iya yi wa tsawa, kai ya kamata in ja gefe a gindin turke in gaya wa gaskiya, na san da ka ja igiyar da zuciya ɗaya. Ban yi ba. Ka yafe mini tun ina iya jin amsarka.